LAUYAN GWAMNATI DA TAKARDAR SALLAMA DAGA AIKI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a Kafanchan



Da sakatare ya kawo mana takarda cewa mu ne za mu yi magana a kan aikin lauyan gwamnati, sai da muka tambaye shi ko dai ya ɓata lambar shago ne. Mu ba mu taɓa sa baƙar rigar nan da farar hular gashi ba. Karatunmu na allo ne da na Islamiyya, sai ɗan bokon da ake lissafin buhu da shi. Sai ya ce ai saboda littafin bashi aka zaɓe mu. To, nan ya kama mu. Duk mai sayar da hatsi ko yadi ko kayan masarufi a kasuwar Kafanchan ya san cewa kaso mai tsoka na cinikinsa ƙarshen wata yake jira. Malamin firamare, nas ɗin asibiti, akawun sakatariyar ƙaramar hukumar Jama'a, malamin kwalejin Gidan Waya, kowa da shafinsa a littafinmu. Ranar da aka miƙa wa ɗayansu takardar sallama, wannan shafin ya mutu, kuma mu ne za mu ci gaba da gaisawa da shi kullum safiya muna kallon juna. Saboda haka dole ta sa muka dinga tambayar masana, kuma abin da muka tsinta ne za mu zube a gabanku.

Garin nan tun asali garin albashi ne. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta biyo Inugu da Makurɗi ta iso nan tsakanin 1926 da 1927, ta rabu biyu, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta yi Jos. Kakannin da yawa daga cikinmu jirgin nan suka biyo da goro da fatu da gishiri, kuma ma'aikatan reluwe su ne manyan masu sayensu. Waɗanda suka kai shekarunmu sun ga yadda reluwe ta fara durƙushewa daga ƙarshen shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata, tsofaffi suka yi ta zaryar fansho da garatuti har wasu suka rasu ba su karɓa ba. A lokacin mun ɗauka cewa idan hukuma ta ce ka tafi, magana ta ƙare. Ashe ba koyaushe ba ne.

Wane ne lauyan gwamnati? Yawancinmu wanda muka sani shi ne mai gabatar da ƙara, wanda ke tsayawa a babbar kotu idan an kama ɓarawo ko mai kisa. Amma Ma'aikatar Shari'a da ke Kaduna ta fi haka faɗi. A samanta akwai Antoni-janar, wato babban lauyan jiha kuma kwamishinan shari'a, wanda sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi kujerarsa. A ƙarƙashinsa, ban da masu gabatar da ƙara, akwai masu tsara rubutun dokoki, akwai kuma waɗanda ke ba ma'aikatu shawara, su kare gwamnati idan wani ya kai ta ƙara. Waɗannan na ƙarshe su ne maganarmu ta yau. Ba a ganinsu a jarida. Aikinsu fayil ne. Babban sakatare na wata ma'aikata ya ga yana son sallamar ma'aikaci, ko rage masa matsayi, ko tsayar da albashinsa, sai a tura fayil a ce lauya ya duba. Shi kuma ya buɗe ya fara tambaya: wace doka ce ta kafa wannan aiki? Wa ke da ikon sallama, hukumar kula da ma'aikata ce ko shugaban ma'aikatar? An ba mutumin takardar tuhuma? Ya amsa? An kafa kwamiti ya saurare shi? Abin da ya rubuta a wannan fayil, da yadda aka ji maganarsa ko aka ƙi ji, shi ne sau da yawa ke raba gidan da za a ci tuwo da gidan da za a kwana da yunwa.

Dalilin waɗannan tambayoyi shi ne, a idon doka aiki ba iri ɗaya ba ne. Akwai aiki irin na yaron shago, tsakanin ubangida da bara. Wannan idan an rabu ba bisa ƙa'ida ba, abin da aka saba bayarwa kuɗi ne, kotu ba ta cika tilasta wa ubangida ya zauna da wanda ba ya so ba. Akwai kuma aikin da doka ce da kanta ta shimfiɗa yadda za a ɗauka da yadda za a kora, kamar na tabbataccen ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'a. Irin wannan idan aka tsallake mataki, kotu na iya cewa sallamar kamar ba a yi ta ba, a mai da mutum kujerarsa, a biya shi duk albashin da ya wuce.

Abin mamaki, wanda ya buɗe wa ma'aikatan ƙasar nan wannan ƙofa shi kansa lauyan gwamnati ne. Sunansa Shitta-Bey, mai ba da shawara kan shari'a a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya a Ikko. An dakatar da shi, aka yi masa ritayar dole. Ya je babbar kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba, amma hukumar kula da ma'aikata ta tarayya ta ƙi mai da shi. Bai haƙura ba har Kotun Ƙoli, wadda a 1981 ta umarci a mai da shi bakin aiki, ta kuma bayyana cewa ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba yana zaune ba ne da ganin damar shugabanni, ƙa'idojin aiki suna da ƙarfin doka kuma sun ɗaure hukuma kamar yadda suka ɗaure ma'aikaci. Ku duba fa, mutumin da ke rubuta wa gwamnati shawara shi ma takardar ta iske shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai kun san sauran.

Wata shari'ar da ya kamata kowane uba ya sani ita ce ta Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. An yi tarzomar ɗalibai a 1983, jami'a ta kafa kwamitin bincike, aka kori ɗalibai. Sai ya zamana shugaban kwamitin, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Marigayi Gani Fawehinmi ne ya tsaya wa ɗaliban. Kotu ta soke korar, domin wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a kan laifin, kuma ba a hukunta mutum ba a ba shi cikakkiyar damar kare kansa ba. Mu da muka yi Islamiyya wannan bai zo mana baƙo ba, tun muna yara malamai suka koya mana cewa alƙali ba ya hukunci sai ya ji ɓangare biyu. Yau wannan haƙƙi yana sashe na 36 na tsarin mulki.

Kada a ce kullum haka abin yake tafiya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa a rediyo suka ji sunansu. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 17 wadda ta ba da ikon sallamar ma'aikaci, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Ko a wannan hali alƙalai sun sami 'yar kafa: suka ce sai an nuna cewa sallamar ta fito daga wanda dokar ta ba iko, wato shugaban ƙasa ko gwamna ko wanda suka wakilta, ba kowane mai babban tebur ba. Wasu sun tsira ta wannan kafa.

Mu dawo gida. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare na jihar nan jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Kimanin 33,000 suka zauna, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka yanke shawarar sallamarsu a ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta garzaya Kotun Ma'aikata da ke Kaduna, tana cewa ba hurumin gwamnatin jiha ba ne ta yi irin wannan jarrabawa, na hukumar rajistar malamai ta ƙasa ne. A watan Disamba na shekarar kotun ta ba da umarnin a dakata, a watan Janairun 2018 malamai suka shiga yajin aiki, amma sallamar ta tabbata. A 2021 kuma aka rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta fara yajin gargaɗi ranar 17 ga Mayu, aka ɗauke wuta, harkoki suka tsaya, kafin a janye a rana ta uku. Mu iyaye ne, ba wanda ke son malamin da bai iya karatu ba ya koya wa ɗansa. Kuma mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da waɗannan watanni suka yi wa kasuwa. A layinmu ba wanda bai ja layi a kan wani shafi ba, kuma masu shafukan nan akwai namu, akwai Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Ham. Takardar sallama ba ta tambayi yaren kowa ba. Abin da muke so ku lura da shi shi ne, a kowane mataki na wannan dambarwa akwai lauyoyin gwamnati, daga tsara takardu har tsayawa a gaban alƙali. Mu kuma a matsayinmu na al'umma ba mu ma san ƙofar ofishinsu ba.

Ita wannan Kotun Ma'aikata an kafa ta tun 1976, amma sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na uku a 2010 ta zama babbar kotu cikakkiya, aka keɓe mata duk wata rigimar aiki da albashi da fansho. Ma'ana, wanda aka kora daga aiki ba babbar kotun da ke nan Kafanchan zai nufa ba, Kaduna zai hau mota. Wasu sun ɓata kuɗi da lokaci a ƙofar da ba ita ba.

Yanzu ga wurin da muke so kowa ya buɗe kunne, don nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Akwai wata tsohuwar doka tun zamanin Turawa mai kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'i ko hukuma kan abin da suka yi a bakin aiki ya shigar da ita cikin wata uku. Lauyoyi suna ta muhawara ko ta shafi maganar sallama daga aiki. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, a 2021 kuma ta yi amfani da ita ta kori ƙarar wasu ma'aikatan Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi. Tunda manya ma ba su tsaya a magana ɗaya ba, talaka ya ɗauka wata uku gare shi. Ban da wannan, wasu hukumomin dokarsu ta ce sai ka aika musu da sanarwa a rubuce kafin ka kai su ƙara, kuma ita ma sanarwar tana cin kwanaki.

Muna da wani maƙwabci, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wata ma'aikata, ya kusa shekara ashirin yana aiki. Aka ba shi takardar tuhuma kan wasu kayan sito. Maimakon ya zauna ya amsa a rubuce, sai ya tafi gidan shugabansa da dare ya durƙusa. Aka ce masa ya je ba komai. Bayan 'yan makonni sai ga takardar sallama. Ya linke ta ya sa a ƙasan akwati, ya shiga bin gidajen manya, yau wannan alhaji, gobe wancan ɗan majalisa, kowa na cewa zai yi magana. Mu ma da bakinmu muka ce masa ya yi haƙuri, kotu ba wurin mutumin kirki ba ce. Sai da aka shafe wata bakwai sannan ya je wurin lauya. Lauyan ya duba ya ce maganarsa na da ƙarfi, don ba a taɓa kafa kwamiti an saurare shi ba. Ranar da aka shiga kotu muka raka shi. Wani yaro lauyan gwamnati, bai fi sa'ar ɗanmu na fari ba, ya miƙe ya karanto kwanan watan takardar sallama da kwanan watan shigar da ƙara, ya zauna. Shi ke nan. Ba a ma taɓo maganar kayan sito ba. Mun daɗe muna jin haushin yaron nan, daga baya muka gane aikinsa ya yi. Wata bakwai ɗin nan da hannunmu a ciki.

Ko ka yi nasara ma, ba ka rabu da lauyan gwamnati ba. Akwai dokar da ta ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama shi don biyan bashin hukunci sai da yardar Antoni-janar. Saboda haka za ka ga mutum da takardar hukunci a hannu yana zarya shekara da shekaru. Idan aka dace da lauya mai tsoron Allah a ma'aikatar, shi ne zai rubuta cewa wannan hukunci daidai ne, ɗaukaka ƙara ɓarnar kuɗin jama'a ce, a biya shi. Wani tsohon lauyan gwamnati da ke sayen shinkafa a wurinmu ya taɓa gaya mana cewa shari'o'in da ya ci a kotu bai cika tunawa da su ba, abin da ya fi tsaya masa a rai fayilolin da ya mayar ne da rubutun cewa kada a sa hannu. Ya ce wani lokaci a ji, wani lokaci a ƙi ji, kuma idan an ƙi ji, shi ɗin dai za a tura kotu ya kare abin da ya hana. Albashin bai kai abin da takwaransa mai zaman kansa ke samu ba, fayil ya yi yawa, ga matsin lamba daga sama. Ba mu ɓoye wa samarinmu wannan ba.

Akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, wato takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kowa a ɗakin nan ya san ɗan da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, amma ya sha wuya a kanta lokacin neman aiki. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin gari. Sashe na 14 kuma ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai samu, kuma don haka aka kafa Hukumar Raba Daidai a 1996. Tsakanin waɗannan sassa biyu ake ta ja-in-ja a ko'ina a ƙasar nan, kuma maƙwabtanmu na nan idan suka je wasu garuruwan su ma haka suke kuka. Gwamnatin El-Rufa'i ta yi shelar cewa ta soke bambancin ɗan asali da baƙo a jihar Kaduna, ta fito da katin shaidar zama. Amma shela daban, abin da aka rubuta a fom ɗin ɗaukar aiki da takardar umarni ga ma'aikatu daban, kuma waɗannan rubuce-rubuce ta hannun lauyoyi suke bi. Hayaniyar bakin kasuwa ba ta canza layi ɗaya a cikinsu.

Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu ma mu dubi shagunanmu. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce wanda ka ɗauka aiki ka ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata uku su cika. Idan za ku rabu, wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba sanarwar mako guda ce, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, wanda ya kai shekara biyar wata guda, ko ka biya shi kuɗin kwanakin. Mu nawa ne a nan muka taɓa yi? Direba ya yi maka shekara takwas, ranar da ranka ya ɓaci ka karɓe makulli. Kotun Ma'aikata ƙofarta a buɗe take gare shi kamar yadda take a buɗe ga malamin makaranta.

Wasu iyaye suna ganin aikin lauya a ma'aikata ƙaramin aiki ne, wai gara yaro ya buɗe ofishinsa ko ya dawo shago. To, Mai shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, lauyan gwamnati ne a Kaduna ya fara. Wanda ya gaje shi, Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, wanda ya riƙe kujerar har 2006, shi ma daga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa ya taso. Iyayenmu mata kuma ku ji wannan: Mai shari'a Maryam Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta hau wannan kujera a 2012, ita ma a wannan ma'aikata ta fara a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati. Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Shekara biyar a jami'a, kuma a Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello yaro na iya haɗa dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci, don haka Larabcinsa na Islamiyya ba zai tashi a banza ba. Sai shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, sai bautar ƙasa. Inda yaranmu suka fi tsayawa shi ne wannan shekara guda ta makarantar lauyoyi, domin kuɗinta da na riga da hula da littattafai a dunƙule ake nema.

Ba muna cewa a tura yaro ma'aikatar don ya zama namu a ciki ba. Wanda ya shiga da wannan niyya zai ci amanar aikinsa, kuma ranar da asirinsa ya tonu mu duka za a zaga. Muna son yaron da fayil ɗin Bajju da na Bahaushe za su zo gabansa ya yi musu tambaya iri ɗaya, wanda kuma idan ya zo hutu zai zauna a wannan ɗaki ya gaya mana abin da doka ta ce kafin wata uku su wuce.

Saboda haka, Malam Shugaba, muna roƙon kwamitin ilimi ya duba ko za a ware wani abu daga asusun tallafin karatu don 'ya'yanmu maza da mata da suka gama digirin shari'a suka rasa kuɗin makarantar lauyoyi. Mu 'yan layin hatsi mun yi magana a tsakaninmu, za mu fara zubawa daga kasuwar wannan mako. Na biyu, duk wanda ke aikin gwamnati a cikinmu ya koma gida yau ya nemo takardar ɗaukarsa aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, ya yi musu hoto ya ajiye a wuri biyu. Wanda aka ba takardar tuhuma ya amsa a rubuce cikin kwanakin da aka ɗibar masa, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, ba a biyan ko kwabo, sai dai ya sani kai kuka can ba ya tsayar da lissafin wata ukun nan. Wanda kuma ke da takardar sallama a ƙasan akwati yanzu haka, ya ga sakatare kafin a tashi daga taron nan, a duba kwanan watan da ke kanta.